Abin da Zayyanu Yake Kallo a Damansa

Stratford

A tashar Stratford ta Landan na fara sanin cewa mutum yana iya tsayawa a tsakiyar dubban jama'a, ba a samu ko ɗaya da zai ɗaga ido ya dube shi ba. Na jingina jakata da ginshiƙi a gindin matakalar nan mai tafiya da kanta, inda Zayyanu ya ce in jira shi. Mutane suna ta ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa cikin baƙaƙen riguna, suna rabewa ta dama da hagu suna wucewa. Ba mai sallama, ba mai talla, ba mai ko tari. Ni da na tsufa a cikin hayaniyar kasuwar motoci, shirun nan ya fi sanyin garin tayar mini da hankali.

Sunana Hamisu, dillalin tsofaffin motoci da injinansu a Kano. Da wankin mota na fara, ba wanda ya bar mini gado. Na san Kwatano, na san Legas, amma Turai ban taɓa taka ta ba, kuma da don kaina ne da har yau ban taka ba. Yayata Rabi ce ta aiko ni.

Zayyanu ɗanta ne. Tun yana sakandare ba a kamo shi a tsere, ga tsawo, ga manyan hannuwa. Wasu masu neman irin waɗannan yaran suka gan shi, suka kai shi Amurka, wata kwaleji ta ɗauke shi yana karatu kyauta yana buga mata ƙwallon ƙasar, wadda ake jefawa da hannu, mai siffar gwanda, ana sanye da hular kwano. Aikinsa shi ne ya sheƙa a guje ya cafe ƙwallon in an jefo. Risiba suke kiran mai wannan aikin. Shekarun da ya yi a can, hotunansa kawai muke gani, yana shawagi a sama kamar shaho. Da ya gama, manyan ƙungiyoyin da suke biyan albashi suka zaɓi waɗanda za su zaɓa, ba su kira sunansa ba. Maimakon ya dawo gida sai ya sauka a Landan da bizar ziyara, wai akwai wani ejan da zai nema masa hanya. Daga nan wayarsa ta fara raguwa, har ta koma gaisuwa kawai. Bizar kuwa saura 'yan makonni ta mutu.

"Hamisu," in ji Yaya Rabi, "ban ce ka kawo mini ɗan ƙwallo ba. Ɗana za ka kawo mini, kafin takardarsa ta mutu."

Na daɗe a tsaye har yatsuna suka sandare don sanyi. Sai wani gajeren dattijo cikin rigar masu gadi ya tsaya a gabana yana duban hulata.

"Kai ne kawun Zayyanu? Sannu da hanya, Alhaji. Ni ne Seidu, a flat namu yake zama. Yaron ba ya iya zuwa, lokacin training ne."

Na ce, "Kawunsa ya taso tun daga Kano, shi yana training?"

"Alhaji, ko gidan ya kama wuta, in lokacin ya yi, ya yi." Ya ɗauki jakata. "Zo mu kama tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wannan rigar naka ba za ya kai ka ko'ina ba, matana ya ajiye maka kwat."

Mutumin zangon Kumasi ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. A ranar ban taɓa jin Hausa mai daɗinta ba.

Edmonton

Gidan Baba Seidu yana can saman wani dogon bene na council, gidajen hayar hukuma, a unguwar Edmonton. Daga tagarsa ba ka ganin ƙasa in hazo ya sauko, sai ka ga kamar ɗakin rataye yake. Matarsa, Mma Adiza, ta ba ni kwat ɗin wani ɗan'uwanta da ya koma gida, ta ajiye mini shinkafa da wake da wani baƙin yaji wanda ya dawo mini da raina.

Zayyanu ya shigo wajen la'asar, gari ya riga ya fara duhu. Sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda uwarsa ta koya masa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, bai manta kowa ba. Na dube shi da idon sana'a: jiki lafiya, ido fari, ba alamar shaye-shaye. Na ce a raina, wannan aikin mai sauƙi ne.

Na ce, "Zauna mu ci abinci."

Kafin ya zauna, sai ya juya kansa dama. Ba waiwaye ba ne irin na wanda ya ji motsi. Kallo ne na wanda yake jiran a gaya masa abu. A damansa babu komai sai farin bango. Ya tsaya haka ɗan lokaci, ya gyaɗa kai kaɗan, sannan ya zauna.

Na dubi Mma Adiza. Ta sunkuyar da kai tana goge cokalin da yake a goge.

Cikin kwanakin da suka biyo baya na ga abin har na daina ƙirgawa. Kafin ya sa hannu a abinci, kafin ya tsallaka titi, kafin ya amsa tambaya mai nauyi. Kullum dama. Kullum wurin da babu kowa. Sallah ce kaɗai yake tayarwa bai yi ba.

Baba Seidu ya ja ni kicin, ya rage murya. "Wani abu ya biyo shi daga Amurka. Mun kawo malam, ya yi ruƙiya, ya sha rubutu. Malam ya ce babu komai a jikinsa. To in babu komai, wa yake gaisuwa da shi?"

Ni ba na musun abin da ba a gani. Amma ni mutum ne da in mota tana wata ƙara, sai na buɗe gabanta tukuna kafin in nemi malam. Washegari da gari ya waye na sa kwat na bi bayansa.

Akwai wani fili a bayan unguwar, kusa da wani babban tafki da aka kewaye da waya. Manyan turakun lantarki sun ratsa ta samansa, suna wani ƙugi mara yankewa, har a haƙoranka kake jin sa. Hazo ya kwanta a kan ciyawa. Na tsaya a bayan wata bishiya da ba ta da ganye ko ɗaya.

Zayyanu ya je can gefen dama na filin ya tsaya, ƙafa ɗaya a gaba, ya ɗan duƙa. Ya juya ya dubi bakin fili. Ya gyaɗa kai. Sai ya fita a guje, irin gudun da ban taɓa ganin ɗan'adam ya yi ba, ya shige hazo, ya karya kwana, ya miƙa hannuwa biyu sama, ya damƙe. Babu ƙwallo. Babu wanda ya jefo. Amma na ga yatsunsa sun rufe a kan wani abu mai girma daidai, na ga ya jawo shi ya danne a ƙarƙashin hammata. Abin da ya sa gashin jikina ya tashi shi ne abin da ya biyo baya. Ya rage gudu, ya taka wajen wani da ba ya nan, ya miƙa masa abin da ke hannunsa cikin ladabi, sannan ya koma inda ya fara.

Wata tsohuwar Baturiya ta zo da karenta. Da suka kusa filin sai karen ya toge, ta ja shi suka zagaya ta nesa. Ko kallon Zayyanu ba ta yi ba. Da alama sun saba.

Da yamma na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gado. Na ce, "Nuna mini yadda kuke wasan nan."

Fuskarsa ta buɗe. Ya ɗauko waya ya kunna. Fili ne cike da jama'a har sama, sun fi mutanen da na taɓa gani a wuri ɗaya in ban da Arfa. Ga shi can a gefen dama, shi kaɗai, nesa da 'yan'uwansa. Kafin a fara, sai na ga duk 'yan ƙungiyarsu sun juya kai lokaci ɗaya sun dubi bakin fili. A can mutum uku ne a jere, kowa da launin hularsa, suna ta wasa da hannuwa: wannan ya taɓa hanci, wancan ya bugi ƙirji, ɗayan ya zana wani abu a iska.

"Su wane ne waɗannan?"

"Su suke ba mu signal, Kawu. Su za su gaya maka inda za ka bi. Ɗaya ne na gaskiya, biyun na ƙarya ne, don kada abokan wasa su gane."

"Kai ta yaya kake sanin na gaskiyar?"

"Ana gaya mana da safe."

Ya ci gaba da ba ni labari, yana murmushi. A kwalejin nan ba abin da ya rasa. Akwai mai tashinsa, akwai mai auna masa abinci, akwai mai gaya masa lokacin barci. Ko kwas ɗin da ya karanta su suka zaɓar masa, wanda ba zai ci karo da lokacin atisaye ba. "Sun riƙe ni da kyau, Kawu. Wallahi ba wanda ya taɓa wulakanta ni."

Na ce, "To yanzu wa yake gaya maka da safe?"

Murmushin ya tafi. Ya juya ya dubi bango. Ni ma sai da na duba.

Ranar Juma'a, bayan an idar, Baba Seidu ya nuna mini wani mutum mai furfura yana naɗe tabarmi. Ya ce da bizar ziyara ya shigo, tun gashinsa yana baƙi. Uwarsa ta rasu, ubansa ya rasu, bai je ba, don in ya fita ba ya dawowa. Da takardun wani yake aiki. "Sunan wancan ɗin ake kiransa da shi a wurin aiki, yana amsawa. Yanzu ko a masallaci in ka kira sunansa na gaskiya, sai ya daɗe bai juyo ba." Mutumin ya ɗago ya yi mana murmushi. Na mayar masa.

Croydon

Na ce Zayyanu ya kai ni wurin ejan. Muka hau jirgin ƙasa, muka sauka muka hau wani mai bin tsakiyar titi ba ƙara, sai dai ka ga ya tsaya a gabanka. A Croydon ne babban ofishin shige da fice yake. Mun wuce ta gabansa. Mutane ne iri-iri a layi, kowa rungume da jakar takardu a ƙirji, ba mai magana da na kusa da shi.

Ofishin ejan ɗin yana saman wani shagon gyaran waya. Mista Darren sunansa, mai faɗin murmushi da taushin hannu. Tebur ɗaya, kujera uku, bango cike da hotunan samari cikin hular kwano, ba ka ganin fuskar ko ɗaya. Ya kira ni "Uncle", ya ba ni shayi mara madara. Turancina na kasuwa ne, amma ya isa ciniki.

Ya yi ta yabon Zayyanu, ya ce ƙungiyoyi da dama suna sha'awarsa.

Na ce, "Wace ce daga ciki?"

Ya ce ba a faɗin suna tun ba a gama magana ba.

Na ce, "Ni ma dillali ne. In na ce wa mai mota akwai mai saye, to akwai mutum mai suna da ya zo ya buɗe gabanta, ya taya. Wa ya taya?"

Ya yi dariya, ya ce wa Zayyanu kawunsa yana da ban dariya. Sannan ya ce abin da ake bukata haƙuri ne, kada yaron ya bar ƙasar yanzu, kira yana iya zuwa kowace rana. Na ce bizar fa? Ya kaɗa hannu, ya ce takarda abu ne da ake gyarawa daga baya.

Na nuna bangon. "Waɗannan suna ina yanzu?"

Ya san inda biyu suke. Sauran ya ce suna nan suna ƙoƙari.

Abu ɗaya na gaskiya na tsinta a bakinsa: akwai gwaji da za a yi a kudancin birnin, wasu masu horarwa za su zo su duba 'yan wasa don ƙungiyoyin Turai da na Amurka. Da na matsa sai ya fito fili cewa kowa yana iya yin booking da kansa, ba da hannunsa aka shirya ba.

A hanyar dawowa na ce, "Zayyanu, ga ciniki. Za mu je gwajin nan. In sun ɗauke ka, su za su yi maka takarda, ni zan fuskanci uwarka. In ba su ɗauke ka ba, mu tafi gida tun kana da sunanka."

Ya dubi tagar jirgi da ke damansa. Gari ya yi duhu, ba abin da ke cikin gilashin sai fuskarsa, da tawa a bayanta.

Filin gwaji

Baba Seidu ya yi cancel ɗin aikinsa na ranar ya raka mu. Fili ne mai ciyawar roba, da fitilu a kan dogayen ƙarafa, an kunna su tun rana ba ta faɗi ba saboda hazo. Samari sun kai cikin babbar mota biyu, daga ƙasashe daban-daban. Babban mai horarwa wani baƙin dattijo ne mai ɗingishi, haifaffen Landan, wanda aka ce ya buga wasan a ƙasashen waje da ƙuruciya.

Aka fara da tsere. Zayyanu ya bar kowa a baya, har na ga masu riƙe da agogo suna nuna wa juna. Aka koma cafe ƙwallo, ba wadda ta taɓa hannunsa ta faɗi. Baba Seidu yana ta dukan kafaɗata. "Alhaji, ka gani? Ka gani? Ɗanmu ne!" Ni kaina na fara tunanin abin da zan gaya wa Yaya Rabi.

Sai aka raba su gida biyu, aka ce a yi wasa sosai. A nan babu mutum uku a bakin fili. 'Yan wasa suka haɗa kai a da'ira, mai jifan ƙwallo ya faɗi wata doguwar magana da baki, suka tafa, suka watse. Aka tura Zayyanu gefen hagu.

Tun daga tsayuwarsa na ga matsala. Ya sa wannan ƙafar a gaba, ya janye, ya sa waccan. Ya juya dama, ba bakin fili a can, sai jerin hulunan kwano. Aka fara. Wani kakkauran yaro da aka sa ya tsare shi ya dafe masa ƙirji da hannu biyu tun bai ɗaga ƙafa ba. Da ya kuɓuce ya sheƙa gaba, ƙwallon ta faɗi a wani wuri can tsakiya, inda babu kowa. Mai jifa ya ɗaga hannuwa yana tambayarsa. Aka sake. Aka kuma sakewa. Ko da aka mayar da shi dama, sai ya tsaya yana kallon bakin fili har aka fara ba da shi ba. Kusa da shi akwai wani siririn yaro da Zayyanu ya yi wa nisa a tsere. Shi ba ya sauri, amma duk inda ƙwallo za ta sauka sai ka same shi a can yana jira.

Da aka tashi, aka kira waɗanda aka kira. Siririn yana ciki. Na je na tari dattijon nan mai ɗingishi, na ce ni kawun dogon ne, ina son a gaya mini gaskiya.

Ya dube ni, ya dubi Zayyanu daga nesa. Ya ce, "Na kalli wasanninsa na kwaleji kafin yau. Gefe ɗaya suka ajiye shi duk shekarun. Hanya biyu ko uku kawai yake bi. Ya fi duk wanda ya tsare shi gudu, don haka ba su bukaci koya masa komai ba. A wasan manya, mai jifa zai faɗi magana sau ɗaya, kai kuma kana gudu kana karanta masu tsaronka. In sun tsaya nan ka karya can, in sun matso ka canja. Kai da mai jifa dole ku ga abu ɗaya a lokaci ɗaya, ba wanda zai gaya muku. Siririn can kwalejinsa ƙarama ce, ba ta da masu gudu, dole ta koya musu karatun fili."

Na ce, "To cutarsa suka yi."

Ya girgiza kai. "Wasanninsu suka ɗauke shi ya ci musu, ya kuma ci musu. Mai horar da shi in bai ci wasa ba korarsa za a yi. Ba wanda yake biyansa don abin da yaron zai zama bayan ya tafi."

"Ba ya koyuwa yanzu?"

"Yana koyuwa. Shekara biyu, wataƙila uku, in ya samu mai zama da shi. Amma kowace shekara kwalejojin nan suna fito da sababbi masu gudunsa, waɗanda suka fi shi ƙuruciya." Ya miƙo mini hannu. "Yaron kirki ne. Ka kai shi inda ake son sa."

Na san wannan maganar. Na sha faɗa wa mai mota irinta: injin lafiya lau, amma ba ta wannan hanyar ba ce.

Fili ya watse. Motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Aka kashe fitilun ɓangare guda, hazo ya ƙara sauka. Muka nemi Zayyanu a wurin jakunkuna, ba ya nan.

Baba Seidu ya kama hannun kwat ɗina. "Alhaji."

Yana can gefen dama na filin, shi kaɗai, da hular kwano a kansa. Ƙafa ɗaya a gaba, ya ɗan duƙa, ya juya yana kallon bakin fili. Amma wannan karon bai gyaɗa kai ba, bai fita a guje ba. Ya tsaya kawai. Muka kira sunansa, bai motsa ba. Mai gadin wurin ya zo yana kaɗa makullai, ya yi masa magana, kamar da turke yake yi. Baba Seidu ya fara karanta Ayatul Kursiyyu a hankali. Numfashin yaron yana fita ta cikin ƙarafan hular kamar hayaƙi, idonsa a wuri ɗaya, wani ɗan fili tsakanin benci da kwandon shara.

Na daɗe ina kallon wurin nan. Na san abin da ya kamata: a zaunar da shi, a yi masa magana, a bar shi ya yanke da kansa, namiji ne mai gemu. Na kuma san kwanakin da suka rage wa bizarsa ba su kai na wannan aikin ba, kuma gobe Mista Darren zai buga masa waya.

Na taka na bi ta bakin layin, na je tsakanin bencin da kwandon, na tsaya. Sanyin wurin bai fi na ko'ina ba, amma sai da na ji shi a bayan wuyana. Na juyo. Idanunsa suna kaina, kuma ba kallon da ɗa yake yi wa kawunsa ba ne.

Ban san alamunsu ba. Na ɗaga hannu na yafito shi, yadda ake yafito yaro daga bakin titi.

Ya gyaɗa kai. Ya taho da dukan gudunsa, har na ji ƙasa tana amsawa, ya ja birki dab da ni, ya tsaya ƙiƙam yana huci, yana jiran abu na gaba.

Na ce, "Cire hular. Gida za mu."

"To, Kawu."

Ba gardama, ba hawaye. Na yi cinikayya da yawa a rayuwata, ban taɓa cin wadda ta ba ni tsoro kamar wannan ba.

Kano

Daga ranar ya daina kallon bango, ni yake kallo. Na ce ya haɗa kaya, ya haɗa. Na ce ya toshe lambar ejan, ya toshe. Mma Adiza ta cika mana kwalba da baƙin yajinta tana kuka, Baba Seidu ya raka mu har inda ake hana masu rakiya wucewa, ya ce, "Alhaji, ai ka yi maganinsa." A cikin jirgi ma'aikaciya ta tambaye shi kaza ko kifi, ya juyo gare ni. Na ce kaza. Muka fita daga ƙasar bizarsa tana da rai.

Yaya Rabi ta rungume shi a tsakar gida, kanta bai kai ƙirjinsa ba. Da aka gama koke-koke ya shiga wanka, na ja ta gefe. Ban taɓa miƙa wa mutum mota na ɓoye masa aibinta ba, ba zan fara a kan yayata ba. Na gaya mata duk abin da na gani, har da inda na tsaya.

Ta ce, "To ai sai mu riƙa gaya masa abin da zai yi, har ya warware."

Na ce, "Haka aka yi masa a can, Yaya, kuma su ma da kyakkyawar fuska suka yi. Ki tambaye shi kawai. Sannan ki jira."

Ya fito ya zauna a kan tabarma. Ni na koma bayan ƙyauren ɗaki inda ba ya gani na, ina leƙe ta tsaga.

Ta ce, "Zayyanu, akwai tuwo, akwai shinkafa. Wanne za a zubo maka?"

Ya ɗaga kai yana nema na. Ya duba dama, ya duba ƙofa. Ƙannensa mata suka fara motsi, uwar ta harare su suka natsu. Ta zauna a kan kujerarta da ludayi a hannu, tana jira. Kaji suka gama kiwonsu suka shige akurki. Tururin tukunya ya ragu har ya ɗauke. Ƙafata ta yi tsami a bayan ƙyauren nan, ban fito ba.

Can, da wata murya ƙasa-ƙasa kamar ta wanda ya tashi daga doguwar jinya, ya ce, "Umma, ba a yin ɗanwake yanzu?"

Yaya Rabi ta ajiye ludayin. Ta ce wa babbar ƙanwarsa, "Ke, hura wuta."